Dune: kashi na ɗaya ya ja ƙafa, na biyu ya yi gaggawa, ko ni kaɗai na ga haka?

Sadiq_Fagge: Assalamu alaikum jama'a. A ƙarshen makon nan na zauna na kalli Dune duka biyun a jere, na 2021 da na 2024, bayan na kammala littafin Frank Herbert da ya ci min kusan wata biyu. Na farko minti 155 ne, na biyu 166. Ga abin da ya tsaya min a rai. Kashi na ɗaya jan ƙafa yake yi: a nuna yashi, a nuna Paul, jarumin labarin, yana mafarkin yarinyar nan Chani, a sake nuna yashi. Kashi na biyu kuma da aka zo ƙarshe sai ka ce korarsu ake yi. Paul ya sha Ruwan Rai, gubar nan mai kawo wahayi, ya farfaɗo, ya yi wa jama'a jawabi, an kai hari, sarki ya durƙusa, shi ke nan. A littafi shekaru ne suka wuce tsakanin shigarsa cikin Fremen, mutanen hamada, da yaƙin ƙarshe, har ɗa ya haifa. A fim kuwa cikin mahaifiyarsa Jessica ko haihuwa bai isa ba. Shin lokacin da aka kashe wajen kallon yashi, ba gara a ba wa ƙarshen labarin ba? Wanda bai kalla ba ya yi haƙuri, za mu tona komai.

Maman_Ilham: Wa alaikumus salam. Ba kai kaɗai ba ne Sadiq. Ni ban karanta littafin ba, maigidana ne ya kunna mana. Na farkon sai da na yi masa zama uku, na biyun kuwa ban tashi ba har ya ƙare. Abin da ya ɗaure min kai shi ne likitan nan da ya ci amanar gidan su Paul. Sau nawa ma ya fito kafin nan? Ban san shi ba, balle in ji zafin abin da ya aikata.

Zee_Makaranciya: Anti Maman Ilham, kin sosa min inda yake min ƙaiƙayi. Dakta Yueh ke nan. A littafi tun babi na biyu Baron, shugaban gidan Harkonnen abokan gabar su Paul, ya faɗa da bakinsa cewa Yueh ne zai buɗe musu ƙofa. Daga nan kina karatu kina kallon mutumin nan yana hira da Jessica, yana koyar da Paul, kuma kina jin abin da ke cin zuciyarsa, domin matarsa Wanna tana hannun Harkonnen. Sannan an ƙulla makirci a ɗora zargin a kan Jessica, har Thufir Hawat, mashawarcin mahaifin Paul, ya gaskata ita ce maciyiyar amanar. Wannan ne ke riƙe da sashen farko na littafin gaba ɗaya: ke kin san wuƙa na tafe, su ba su san daga wane hannu ba. Mai ba da umarnin fim ɗin, Denis Villeneuve, ya zare wannan zaren. Abin da ya rage sai jira, mai kallo bai san me yake jira ba. Ni a nan nake ganin jan ƙafar da Sadiq ke faɗa ta samo asali, ba a yawan mintuna ba.

Mai_Tace_Hoto: Ku yi min uzuri, tace hoto ita ce sana'ata, kuma ban yarda ba. Herbert a shafi ɗaya sai ya shiga zuciyar mutum uku. Kyamara ba ta da wannan ikon. An taɓa gwadawa ai. David Lynch ya cusa littafin duka cikin minti 137 a 1984, ya sa muryoyin 'yan wasa suna raɗa abin da ke ransu. Ku nema ku kalla ku ji yadda abin yake a kunne. Da aka fitar da dogon kwafinsa a talabijin, cire sunansa ya yi daga kai.

Villeneuve ya zaɓi hoto ya yi magana. Ku tuna bishiyoyin dabinon nan guda 20 na harabar gidan mulki. Mai ban-ruwa ya gaya wa Paul kowace ɗaya tana shan ruwan mutum biyar a rana, wato ran mutum ɗari ke nan. Sai a daren da aka kawo hari aka nuna su suna ci da wuta, ba wanda ya ce uffan. Ni da na ga wannan sai da tsikar jikina ta tashi. Ba a banza Joe Walker ya karɓi Oscar ta tace hoto ba, ɗaya daga cikin shida da kashi na ɗaya ya samu.

Sadiq_Fagge: Dabinon kam na sallama maka, Malam. Amma kyauta ba ta hana mai kallo duba agogo. Ni sau biyu na duba nawa.

Nura_Zariya: Tunda an zo maganar ruwa, babbar asarar da aka yi a kashi na ɗaya ita ce walimar dare. Ga waɗanda ba su karanta ba: Duke Leto, mahaifin Paul, ya shirya liyafa ga manyan garin Arrakeen. Yana zagayawa kafin baƙi su zauna sai ya tarar da wata al'ada da Harkonnen suka bari. Baƙo zai wanke hannu, ya zubar da ruwa a ƙasa da gangan, ya goge hannu da tawul ya jefa cikin ruwan. Bayan an watse sai a matse tawul ɗin a sayar wa mabaratan da ke jira a ƙofa. A ƙasar da ake kashe mutum a kan ruwan jikinsa fa! Leto ya ce daga yau an daina, duk mabaracin da ya zo a lokacin liyafar a ba shi kofi cike kyauta. Sannan aka zauna cin abinci da mai sayar da ruwa, da ma'aikacin banki, da ɗan fasa-ƙwauri, da Kynes masanin hamada, kowa yana jifan kowa da habaici. A nan ne ka gane wane ne Leto, ka gane su wa ke cin moriyar ƙishin talaka, ka ga wayon Paul tun yana shekara 15. Da an ba wannan minti goma, da mutuwar Leto ta fi taɓa mutane.

Mai_Tace_Hoto: Nura, minti goma ba za su ɗauke ta ba. Daɗin wannan babin yana cikin abin da ba a furta ba: wannan ya faɗi kalma, Jessica ta fassara ta a zuci, Paul ya gano wanda ya turo mai maganar. Ka cire zucin, sai mutane zaune suna tauna. Waɗanda suka yi shi na talabijin a 2000 sun saka ta, amma su kashi uku suka samu, kuma sun jingina ne a kan surutu.

Nura_Zariya: To a bar habaicin, a ba ni tawul ɗin kawai. Minti ɗaya ya isa, kuma hoto ne tsantsa, irin wanda kake so.

Mai_Tace_Hoto: Wannan kam gaskiyarka.

Ɗan_Agadas: Ina gaishe ku. Ni ban karanta littafi ba, amma an haife ni a bakin Sahara, kakana ya sha bin ayarin gishiri zuwa Bilma. Ɗan'uwa Sadiq, yashin da ka ce an cika nunawa shi ne abin da na fi yarda da shi a fim ɗin. Wanda bai shiga Tenere ba yana zaton hamada wuri ne da abubuwa ke faruwa. A'a. Sai ka yi yini guda ba ka ga abin da ya motsa ba sai inuwarka, kuma wannan shirun ne ke sa ka tsoro. Sun ɗauka a Wadi Rum ta Jodan da rairayin Liwa na Abu Dabi, kuma sun kama hasken asuba daidai, lokacin da bayan tudu yake shuɗi-shuɗi da sanyi gabansa kuma ya fara ja. Da sun yi sauri a nan, da ƙatuwar tsutsar yashin nan ta fito ba za ka ji girmanta ba. Dole ka gaji da fili tukuna.

Inda na yi ƙorafi shi ne fuska. Mutanen hamada suna yawo da rana tsaka kai a buɗe, baki a buɗe. Wa zai yi haka? Mu rawani ba ado ba ne kawai.

Zee_Makaranciya: Yaya Ɗan Agadas, a littafi suna rufewa, rigar tara ruwan nan har hanci da baki take kamawa, kuma da dare suke tafiya. Fim ne ba zai biya jarumi kuɗi masu yawa ya ɓoye fuskarsa ba.

Hajara_Damagaram: Ni ban damu da walima ba, ban damu da likita ba. Abu ɗaya ne ban yafe ba, jana'izar Jamis, ɗan Fremen ɗin da Paul ya kashe a fito-na-fito. Sai da na ajiye littafin na share hawaye a wurin nan. Paul bai taɓa kashe mutum ba sai ranar. Bayan an tatse ruwan gawar, aka zauna da'ira a cikin kogo, aka tara kayan mamacin a tsakiya. Kowa ya tashi ya ce shi abokin Jamis ne, ya ambaci wani alheri da ya taɓa yi masa, ya ɗauki abu ɗaya. Ana ta yi har aka zuba wa Paul ido, shi da ya kashe shi. Ya tashi ya ce shi ma abokin Jamis ne, Jamis ya koya masa cewa wanda ya kashe rai sai ya biya. Ya ɗauki abin kiɗansa. Sai hawaye suka zubo masa. Mutanen da ko tofar da yawu a wurinsu kyauta ce, sai ga yaro yana ba matacce ruwan idonsa. Suka riƙa miƙo hannu a cikin duhu suna taɓa kumatunsa.

A nan ne Fremen suka fara ganinsa da wani ido, ba don ya iya faɗa ba. A kashi na biyu me aka yi? An nuna zuba ruwan Jamis a tafkin ɓoye, Jessica ce ta yi ƙwalla, Stilgar shugaban Fremen ya share ya ce kada ta yi asarar ruwa ko a kan matacce ne. An juya abin gaba ɗaya. To in ka cire wannan daren, da me Paul ya shiga zuciyarsu? Shi ya sa Sadiq ya ji gaggawa. Ba a biya kuɗin ƙaunar da suka yi masa ba.

Maman_Ilham: Ikon Allah. Hajara, yanzu da kika ba da labarin ma na ji abin a jikina. Me ya hana su saka wannan?

Auwal_Kumasi: Kafin a amsa, ko kun san wanda ya fito a Jamis ɗan Najeriya ne? Babs Olusanmokun, haifaffen Legas. Fitowarsa kaɗan ce amma idonsa kaɗai ya isa.

Mai_Tace_Hoto: Haka ne Auwal. Hajiya Hajara, na ji zafinki, kuma fitowar tana da kyau. Amma ki duba abin da fim ya ba Jamis wanda littafi bai ba shi ba. Tun kafin su haɗu Paul yana ganinsa a wahayi a matsayin aboki, yana koya masa yadda ake zama da hamada. Sai da suka haɗu ido da ido ya zama shi ne wanda dole ya kashe. Wato ya kashe abokin da zai iya samu. Maganar "abokin Jamis" ba a zubar da ita ba, an ɗauke ta daga baki an mayar da ita hoto.

Dalili na biyu kuma, Villeneuve ba ya so ki ƙaunaci Paul fiye da kima. Ya sha faɗa a hira cewa Herbert bai ji daɗin yadda masu karatu suka ɗauki Paul gwarzo ba, shi ya sa ya rubuta Dune Messiah a 1969 don ya gyara. A can an ce yaƙin da aka yi da sunan Paul ya ci rai biliyan 61. Yaron da ke kuka a kan gawa yana da wuyar tsana.

Hajara_Damagaram: Ai wannan ne ya sa ya kamata a saka, Malam. In mugu ne tun farko ya zama azzalumi, ina abin tsoro? Abin tsoron shi ne mai tausayin nan da ya yi kuka a kan mutum ɗaya, shi ne zai jawo mutuwar biliyoyi yana sane. In an hana ni ganin hawayen, an rage wa gargaɗin nauyi.

Nura_Zariya: Ina bayan Hajara a nan. Kuma akwai Harah matar Jamis da aka share. A al'adar Fremen wanda ya kashe mutum a irin wannan fito-na-fito shi zai ɗauki nauyin gidansa. Paul ya isa kogo sai aka ce ga matar Jamis, ga 'ya'yansa maza biyu, ga ɗakinsa har da kayan shan gahawarsa, duk suna wuyanka. Yana da zaɓi ya riƙe ta a matsayin mata ko mai hidima, ya zaɓi hidima. Sannan ruwan Jamis, lita 33 da 'yan kai, an ba shi zobban shaida, ya miƙa wa Chani ta riƙe masa bai san a wurinsu neman aure ke nan ba. Irin waɗannan ƙananan abubuwan ne ke sa ka ji mutane ne masu gida da dokoki. A fim sun koma mayaƙa da masu sujada kawai.

Ummi_K: Ni kam gara da aka cire Harah. A ce an kashe wa mace miji yau, gobe a miƙa ta ga wanda ya kashe shi, kuma a cikin fim ɗin da ake son mu tausaya wa Fremen? Sai an ɓata minti ashirin ana bayani.

Bashir_Maiwurno: Salamu alaikum daga Sudan. Akwai abin da ba ku taɓo ba. Littafin cike yake da kalmar jihadi, fim ɗin bai furta ta ba ko sau ɗaya, sai "yaƙi mai tsarki". Amma an bar Mahdi, an bar Lisan al-Gaib, sunayen da Fremen ke kiran Paul da su. Mu a nan Mahdi ba kalmar tatsuniya ba ce. Muhammad Ahmad ya yi da'awarsa a 1881, Khartum ta faɗi a hannunsa a 1885, kabarinsa yana Omdurman. Da na ji taron mutane suna kiran sunan a fim sai na ji wani nauyi. Ban san ko in gode musu da suka cire ɗayar kalmar ba, ko in ce sun ɗauki rigarmu sun bar sunanmu.

Baba_Malami: Bashir, ɗana, tambayarka tana da kyau. Herbert bai ɓoye inda ya ɗebo ba. Ya karanta littafin Lesley Blanch na 1960 a kan Imam Shamil da yaƙinsa da Rasha a duwatsun Kaukasus, daga can ya samo kalmomi irin su Chakobsa, sunan yaren Fremen, sannan ya haɗa da Larabci mai yawa. A 1965 mai karatu a Amurka bai ɗauki kalmar jihadi yadda jikansa ke ɗaukarta yau ba. Ni ina ganin da sun bar ta, da yawancin masu kallo sun fita da fahimtar da ba ita marubucin ya nufa ba, kuma a kanmu za ta ƙare. Sai dai cirewar ta ja wata asara. A littafi akwai tsohon jihadin da aka yi da na'urori masu tunani, shi ya sa babu kwamfuta a duniyarsu, shi ya sa ake horar da mutane irin Thufir su zama masu lissafi. Fim bai yi wannan bayanin ba. Kuma mu lura, a cikin labarin kansa matan ƙungiyar asiri ta Bene Gesserit ne suka shuka annabcin tun ƙarnoni don amfanin kansu. Labari ne a kan masu wasa da imanin talaka, ba a kan imanin ba.

Maman_Ilham: Baba, Allah ya ƙara lafiya. Wallahi ina ta mamakin mutanen da ke tafiya tsakanin taurari amma suna faɗa da wuƙa, kuma ba mai riƙe da waya. Shi wannan Thufir ɗin ma ina ya shiga a kashi na biyu?

Zee_Makaranciya: An ɗauki fitowarsa Anti, a wajen tacewa aka yanke. A littafi Baron ne ya kama shi ya sa shi yi masa aiki, yana raye har babin ƙarshe.

Baba_Malami: Bari in ɗan karkata, ku yi haƙuri da tsoho. Wannan muhawarar ba baƙuwa ba ce a wurinmu. Shehu Umar na Abubakar Tafawa Ɓalewa ya fito a 1934, siririn littafi ne da za ka karance a zama ɗaya. Umaru Ladan da Dexter Lyndersay suka mayar da shi wasan daɓe, sannan Adamu Halilu ya yi fim ɗinsa a 1976. Matsalarsu kishiyar ta Villeneuve ce. Shi yana da tuli yana neman abin zubarwa, su kuwa marubuci zai ce an yi tafiyar kwanaki a hamada a layi ɗaya, mai fim sai ya nemo raƙuma da mutane da rana ya cika layin nan. Uwar Umar da ta bar gida tana neman ɗanta har ta faɗa bauta, shafuka kaɗan aka ba ta, amma duk wanda ya karanta ita yake tunawa. Na koyar da littafin nan shekaru, kuma kullum ina tambayar ɗalibai: in kai ne mai kyamara, wa za ka bi, yaron ko uwar?

Ummi_K: Uwar, Baba, ba ko tantama. Kuma namu na baya ma haka ne. In Da So Da Ƙauna na Ado Ahmad Gidan Dabino an mayar da shi fim a 1994, marubucin yana cikin aikin da kansa, amma yayata har yau cewa take ba haka ta zana Sumayya a ranta ba. Mai karatu ya riga ya yi nasa fim ɗin a ka, kowa ka kawo masa baƙuwa ce.

Amma in ana maganar jan ƙafa, Sadiq, ka zo ka ga wani mai dogon zango da nake bi, wanda aka ɗauko daga littafin da na karanta a waya. Mota za ta zo, a yi hon, maigadi ya fito, ya buɗe ƙyaure ɗaya, ya buɗe na biyu, ta shiga, a kashe, a fito, a rufe ƙofa, a taka har falo, a yi sallama, a gaisa da kowa ɗaya bayan ɗaya. Na duba, minti huɗu, ba a ce komai ba. Sannan rasuwar mahaifiyar yarinyar, wadda ta ci babi biyu a littafi, a waya aka faɗa.

Mai_Tace_Hoto: Ƙanwata, wannan ciwon na san shi daga ciki. Ana ba ka hoton da bai fi na minti ashirin ba a ce ka fitar da arba'in, saboda kowane mako sai an saki kashi, kuma tsawon kallo ne ke kawo kuɗin talla a YouTube. Shigowar mota ba ta cin kuɗi. Zaman makoki kuwa sai ka tara mutum hamsin ka ciyar da su. Amma don Allah kada a haɗa wannan da yashin Dune. Ɗaya cike gurbi ne, ɗaya gini ne, kamar yadda Ɗan Agadas ya bayyana.

Auwal_Kumasi: Turawan ma suna cike gurbin. The Hobbit littafin yara ne na 1937, bai fi shafi 300 da wani abu ba, Peter Jackson ya ja shi fim uku daga 2012 zuwa 2014, kusan awa takwas. Shi ɗin dai ne ya yi The Lord of the Rings ya yanke Tom Bombadil gaba ɗaya, labarin bai girgiza ba. Da yana yankewa ya fi iyawa.

Sadiq_Fagge: Jama'a mun yi nisa, bari in dawo da mu. Na karɓi maganar Ɗan Agadas, zan sake kallon na farkon da wannan idon. Na kuma tuna cewa lokacin da aka sake shi ba a ma amince da yin na biyu ba, sai bayan ya fito a Oktoban 2021, don haka mutumin yana gini ne bai san ko za a bar shi ya yi rufi ba. Amma ba wanda ya amsa min batun ƙarshen. A littafi Paul ya yi mako uku a sume bayan ya sha Ruwan Rai. Sojojin sarki sun kashe masa jaririnsa, takwaran mahaifinsa Leto, ana gab da yaƙi, wannan ne ya ƙeƙasar da zuciyarsa. Ƙanwarsa Alia, yarinyar da ba ta wuce shekara huɗu ba, ita ta kashe Baron da allura mai guba. A fim babu jariri, Alia tana ciki, Paul ne ya soke Baron. Mutum ya zo baƙo, cikin wata bakwai ko takwas ya koyi hawan tsutsa, ya zama shugaban yaƙi, ya kifar da daular da ta yi shekara dubu goma. Hankalina bai ɗauka ba.

Zee_Makaranciya: Alia dai na fahimci uzurinsu. Yarinya 'yar shekara huɗu mai magana kamar tsohuwa, a takarda abin tsoro ne, a allo kuwa da wuya ya zauna. Mayar da ita murya daga cikin ciki dabara ce mai kyau, ta ƙara wa Jessica kwarjini. Sai dai ita wannan dabarar ce ta ɗaure su da wata tara, ta hana su tsallaken shekarun. Sun magance matsala ɗaya sun sayi wata.

Hajara_Damagaram: Kuma rashin jaririn ya sa juyawar Paul ta zama kamar ruwan da ya sha ne ya canza shi, ba rayuwa ba.

Mai_Tace_Hoto: Ko kuma gaggawar ita ce manufar. Awa biyu yana tirjiya, yana cewa ba zai je kudu ba domin ya ga abin da zai biyo baya. Da ya je, komai ya kuɓuce, har mai kallo ya rasa inda zai ja numfashi. Haka abin yake ga wanda ya hau abin da ba shi da linzami. Raba Fremen gida biyu, 'yan arewa masu shakka da 'yan kudu masu tsananin imani, ba ya cikin littafi, an ƙirƙiro shi ne don Chani ta samu wurin tsayawa ta ce a'a.

Ummi_K: Chanin fim ta fi min ta littafi nesa ba kusa ba. A littafi Paul ya ce zai auri 'yar sarki Irulan don mulki, Chani ta haƙura, littafin ya rufe da Jessica tana rarrashinta cewa tarihi su zai kira matan aure ko da sunan ƙwarƙwara suke ɗauke da shi. A fim kowa ya durƙusa ita tana tsaye, ta juya ta fita, ta kafa abin kiran tsutsa, haɓarta tana rawa. Wace mace ce ba ta gane wannan fuskar ba?

Nura_Zariya: Ummi, fitowar ta yi kyau, amma wata Chani ce daban. Ta littafi 'yar Liet-Kynes ce, mai hidimar addininsu ce, uwar ɗansa ce da ta yi rashi tare da shi. Haƙurinta ba rauni ba ne, ta san auren takarda ne kawai. Kuma labarin Dune Messiah gaba ɗaya a kan zamansu tare yake tafiya. Ina son in ga ta inda za a dawo da ita.

Hajara_Damagaram: Nura, ni a nan na rabu da kai na bi Ummi. Tunda an hana Paul hawayensa, dole wani ya riƙe mana zuciyar labarin, kuma ita aka ba.

Ɗan_Agadas: Wata takwas ɗin ne ni ma ban yarda da shi ba, Sadiq. Yaron da aka haifa a cikin ayari ma sai ya yi tafiya uku ko huɗu kafin a bar shi ya ja raƙumin gaba. Amma fitowar da ya fara hawan tsutsa, yashi yana dukan fuskarsa ba ya ganin komai sai ƙugiyar hannunsa, na mayar da ita baya sau uku. Wanda guguwa ta taɓa rutsawa da shi ya san haka ake gani.

Maman_Ilham: Zee, in na samo littafin, dole sai na fara daga farko, ko zan iya zuwa wurin jana'izar nan kai tsaye? Turancina ba mai zurfi ba ne, kuma an ce kalmominsa suna da wuya.

Zee_Makaranciya: Ki fara daga farko Anti, shafi hamsin na farko ne masu nauyi. Akwai jerin ma'anar kalmomi a bayan littafin, ki sa yatsa a wurin kina dubawa. Jana'izar tana sashe na biyu, mai suna Muad'Dib. In kin iso wurin tawul ɗin da Nura ya faɗa ki yi min magana, akwai wani abu da Kynes ya yi da ruwan kofinsa a wajen walimar da nake so in ji yadda za ki fassara shi.